Masu koyar da yara a gida, ku leƙa laburare

Assalamu alaikum iyaye. Ga wata dabara da ta rage min kashe kuɗi tun da na fara koyar da yarana uku a gida: ranar Laraba ba ma buɗe littafi a falo, laburaren gwamnati muke tafiya. Mu da ke Kano ga ɗakin karatu na Murtala Muhammad, sauran jihohi ma akwai nasu.

Abin da ya fi yi min amfani shi ne gane lambobin da ke manne a ƙashin bayan littattafai. Yawancin irin waɗannan wurare tsarin Dewey suke bi: 510 lissafi, 590 dabbobi, 900 tarihi da labarin ƙasa, 960 kuma tarihin Afirka. Sai na rubuta wa kowane yaro lamba a 'yar takarda, in ce je ka nemo. Autana, mai shekara 7, ya dawo rungume da wani ƙaton littafin macizai da ya kusa rinjayarsa. Sati guda muna kan macizai, har awon tsawon mesa muka yi da igiya a tsakar gida. Ni da ko hoton maciji ba na son gani!

Ranar farko ku je ku kaɗai, ku gaisa da ma'aikatan, ku tambayi ƙa'idar rajista da ko ana ba da aron littafi. Kuma ku ciyar da yara kafin ku fita, don ba a shiga da abinci.