Yadda za ka hana hutunka na shekara ƙonewa

Da Nuwamba ta kama, tambaya ɗaya ce ke yawo a ofisoshin Katsina: "Ban tafi hutun bana ba, zan iya haɗa shi da na baɗi?" Amsar ta danganta da wanda kake wa aiki, da kuma abin da aka rubuta a takarda. Abin da oga ya faɗa maka da fatar baki a bakin ƙofar ofis ba ya cikin lissafi.

Fara da sanin dokar da ta hau kanka. Direba, mai gadi, mai shara, ma'aikacin gidan burodi ko gidan mai, da ƙananan ma'aikatan ofis, Dokar Ƙwadago ta Najeriya ce ke kare su. Sashe na 18 ya ce wanda ya cika wata 12 yana aiki ba yankewa, yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi. Yaron da bai kai shekara 16 ba, ko da ɗan koyo ne, nasa kwana 12 ne. Manaja, akawu mai muƙami, likita, injiniya da makamantansu kuwa, sashe na 91 ya fitar da su daga wannan kariya, don haka takardar ɗaukar aiki da kundin ƙa'idojin kamfani su ne madogararsu. Ma'aikacin gwamnatin tarayya, kamar na sakatariyar tarayya, yana ƙarƙashin Dokokin Aikin Gwamnati: kwana 30 daga matakin albashi na 07 zuwa sama, kwana 21 ga mataki na 04 zuwa 06, kwana 14 ga na ƙasa da haka. Na jiha da na ƙaramar hukuma su nemi takardar sanarwar da ke aiki a ma'aikatarsu.

Daga nan sai ka ɗauko takardar ɗaukar aikinka ka karanta ta a natse. Doka ta wajabta wa wanda ya ɗauke ka aiki ya ba ka sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata 3 da fara aikinka, har da batun hutu da kuɗinsa. Abu uku za ka nema: kwana nawa ne, ana ƙirga Asabar da Lahadi a ciki ko ba a ƙirgawa, sannan yaushe shekarar hutun take ƙarewa. Wannan na ƙarshe shi ke kayar da mutane. A aikin gwamnatin tarayya daga Janairu zuwa Disamba ne, wasu kamfanoni kuma daga ranar da ka kama aiki suke lissafi.

Yanzu ga ainihin maganar. Dokar Ƙwadago ta yarda a ɗage hutu, amma da sharaɗi biyu: sai kai da mai aikin kun amince, kuma ɗagewar ba za ta sa ka wuce wata 24 kana aiki ba hutu ba. Wato na bana zai iya shiga baɗi, daga nan ba ya ƙara gaba. Wanda ke cewa yana tara hutun shekara biyar don ya yi amfani da shi lokacin aikin Hajji ko bikin 'yarsa, ya sani doka ba ta tsaya masa a kan haka ba. A aikin gwamnatin tarayya ma abin ya fi tsauri, domin ƙa'idar ita ce a ci hutu cikin shekararsa. Wanda ba a ci ba ya ƙone, sai fa idan hukuma ce da kanta ta ɗage shi saboda buƙatar aiki.

To idan oga ya ce "Malam, ka yi haƙuri, aiki ya yi yawa, bari sai bayan Sallah," me za ka yi? Ka ce to, cikin girmamawa, sannan ka koma tebur ka rubuta takarda. Layi huɗu sun isa: ranar da hutunka ya kamata ya fara, cewa an nemi ka dakata saboda aiki, yawan kwanakin da suka rage maka, da sabuwar ranar da kake roƙon a ba ka. Ka kai ya sa hannu, a buga hatimi a ofishin kula da ma'aikata, kwafi ɗaya ya shiga fayil ɗinka, ɗaya ka kai gida, ka kuma ɗauki hotonsa a waya. Na san da yawa daga cikinmu muna jin nauyin wannan, gani muke kamar rashin yarda ne ga babba. Ba haka ba ne. Ana yi wa shugabanni canjin wurin aiki, suna ritaya, kuma wanda ya gaje kujerar fayil zai buɗe, bai san alƙawarin da aka yi a bayansa ba.

Abin da ya fi duk wannan sauƙi shi ne ka shiga jadawalin hutu tun farkon shekara, don ba a fafe gora ranar tafiya. Mai gona a wajen Daura ko Mashi ya san lokacin shuka da na girbi, mai niyyar Umara ya san watan azumi. Ka kama gurbinka kafin kowa ya ruga Disamba, lokacin da ba zai yiwu a saki rabin ofis a tare ba.

Wasu masu ɗaukar ma'aikata kan ce "ga kuɗi, ka bar hutun." Muddin kana kan aiki, Dokar Ƙwadago ta haramta a biya ka kuɗi a madadin waɗannan kwanaki na dole, kuma ina ganin daidai ne. Direban da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Kano shekara biyu ba hutu haɗari ne ga kansa da fasinjojinsa. Kada kuma ka rikita wannan da kuɗin hutu da wasu ma'aikatu ke bayarwa, wanda ƙari ne a kan hutun.

Ranar barin aiki ce kaɗai kuɗi ke maye gurbin hutu. Idan ka yi aƙalla wata 6 tun da ka fara aiki, ko tun da hutunka na baya ya cika, za a biya ka kason albashin mako guda gwargwadon watannin. Wanda albashinsa na mako naira 20,000 ne, ya yi wata 9, haƙƙinsa naira 15,000 ne. Ka sa wannan a cikin takardar ajiye aikinka.

Idan an ƙi, fara da wakilin ƙungiyar ƙwadago na wurin aikinku. Bai yiwu ba, ka kai koke ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Katsina, su kira ɓangarorin biyu a yi sulhu. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita ce matakin ƙarshe, kuma a nan ma takardar ɗaukar aiki da kwafin da oga ya sa wa hannu za a fara tambayar ka.