Kurakuran da Masu Ɗibar Irin Naman Kaza na Daji Suke Yawan Yi

Duk damina, musamman a watan Agusta da naman kaza ke tsirowa a jikin ruɓaɓɓun kututture, sai masu koyo sun kawo mini takardun da suka tara ƙurar iri a kai, wato garin irin da ke zubowa daga ƙarƙashin hular naman kaza, kuma kusan koyaushe matsalar ɗaya ce: funfuna ta riga su.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gaggawar naɗe takarda. Bayan an yanke hular an kifa ta a kan takardar alminiyam, an rufe da kofin gilashi ta kwana, danshin hular yakan kwanta tare da ƙurar. A shekarata ta farko na cire hular na naɗe takardun nan take na cusa a leda, ina murna. Bayan mako biyu da na buɗe, sai na tarar da tabo kore-kore a kan farar ƙurar, ga wari mai tsami, aikin damina guda ya tafi a banza. Yanzu idan na ɗauke hular nakan mayar da kofin, in tokare gefensa da tsinken ashana, in bar ƙurar ta bushe yini guda kafin in naɗe. Wanda ba zai iya wannan haƙurin ba, gara ya bar sana'ar tun da wuri.

Na biyu shi ne kwaɗayin babbar hula. Tsohuwar da gefenta ya fara laushi cike take da tsutsa da bakteriya, kuma ta riga ta zubar da yawancin irinta. A zaɓi wadda ta buɗe ba da jimawa ba, a yanke karan da sabuwar reza, kada ƙasar gindin ta taɓa hular. Ina mamakin mai wanke hular da ruwa yana cewa tsafta yake yi, alhali laka yake korawa cikin tsage-tsagen da irin ke fitowa.

Sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 nake goge hannu da takarda da shi, domin mai kashi 95 yana saurin bushewa kafin ya gama aiki. A kashe fanka, a rufe taga, a daina surutu a kan takardar. Ƙurar wasu nau'o'in naman kazan kututture fara ce ko mai ɗan shuɗi-shuɗi, ba ta fitowa sosai a farar takarda. Launin ƙura kaɗai kuma ba ya nuna cewa ana iya cin abin.

Masu tono naman kazan jikin suri kuwa suna ɓata lokacinsu ne, domin gara ce ke noma shi a cikin gidanta, kuma ba ya yin hula a buhun dusar katako.

Ko an kiyaye duk wannan, irin daji ba ya rasa ƙwayoyin cuta gaba ɗaya. Shi ya sa ba na zuba shi kai tsaye a kan dafaffiyar dawar da ake renon irin a cikinta. Nakan fara shuka shi a kan aga, wani abu mai daskarewa kamar jeli, da aka dafa a tukunyar furesha, in yanko gefen tsiron da ya fito fari tas zuwa sabon faranti, sau biyu ko uku.