Kafin Ka Saki Birki: Yadda Ake Bi da Babban Jirgi a Taksiwe Mai Iyakar Nauyi

Ƙanena, kai da ka saba da Boeing 737 kuma yanzu ake shirin mayar da kai kan manyan jirage gabanin jigilar alhazai, da kai nake. Tashi da sauka an koya maka su har ka ƙware. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne 'yan mintunan da jirgi ke tafiya da tayoyinsa daga wurin lodi zuwa bakin titin tashi, a kan ƙananan hanyoyin nan da muke kira taksiwe. Ka riƙe wannan tun yanzu: don hasumiyar da ke kula da zirga-zirgar jirage ta ce ka bi wata hanya, ba yana nufin hanyar za ta ɗauki jirginka ba. Mai magana da kai a rediyo aikinsa ya raba jirage kada su haɗu. Nauyin da ke kan tayoyinka kuwa, kai ka san shi.

Aikin yana farawa tun ba a tayar da inji ba. Ka buɗe AIP, kundin bayanan filayen jirgin sama, wanda hukumar kula da sararin samaniya ke fitarwa, wato NAMA a Najeriya, ASECNA kuma a Nijar. A sashen AD 2.8 za ka ga faɗin kowace taksiwe da irin shimfiɗarta da ƙarfinta. Mutane da yawa ƙarfin babban titi kawai suke dubawa a AD 2.12 su rufe littafi, alhali sau da yawa titin lafiyayye ne, raunin yana wata tsohuwar hanya ta gefe ko a wani ɓangare na farfajiyar ajiye jirage.

Ƙarfin ana rubuta shi kamar haka: PCN 54/F/C/X/T. Lambar farko ita ce ƙarfin shimfiɗar. F kwalta ce, da R ce da kankare ke nan. Abu na uku, wato C a nan, yana faɗin ingancin ƙasar da ke ƙarƙashi, daga A mai ƙarfi zuwa D mai rauni ƙwarai. Na huɗu iyakar iskar taya ce: W babu iyaka, Z kuwa ta ƙananan jirage ce. Na ƙarshe ina so ka riƙa kallonsa da kyau. T na nufin injiniyoyi sun auna. U na nufin ba a auna ba, an dai ga jirage irin kaza suna bi ba abin da ya faru. Ni idan na ga U, nakan ƙara taka-tsantsan.

Sai ka ɗauko lambar jirginka, ACN, wadda ke nuna yadda yake danna shimfiɗa, daga littafin kamfanin da ya ƙera shi, a layin da ya dace da wannan shimfiɗa da wannan ƙasa. Idan lambarka ba ta wuce ta hanyar ba, bismillah. Wannan tsari ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta kawo shi a 1981, kuma daga 28 ga Nuwamba 2024 ta maye gurbinsa da ACR na jirgi da PCR na hanya. Karatun kusan iri ɗaya ne, amma sababbin lambobin sun fi girma nesa, suna zuwa a ɗaruruwa. Ba duk filaye ne suka sauya a lokaci guda ba, don haka kada ka gwada ACN da PCR, ko ACR da PCN. Tsohon da tsohon, sabon da sabon.

Ga inda aikin Hajji yake yaudarar mutum. Ka zo Sakkwato ko Katsina ko Yola da jirgi wayam don ɗaukar maniyyata, ka bi wata taksiwe ka shiga lafiya. Bayan awa uku an cika kujeru, an loda jakunkuna, an sha mai. Jirgin da zai fita ba shi ne wanda ya shigo ba. Boeing 777-300ER yana iya tashi da tan 351, amma ba a yarda ya sauka da fiye da tan 251 ba. Tazarar tan 100 ke nan. Saboda haka lissafi biyu za ka yi, na shigowa da na fita. Kuma kada girman jirgi ya ruɗe ka: 747-400 ya fi 777-300ER nauyi, amma yana raba nauyin a kan manyan tayoyi 16, shi kuwa 777 a kan 12, shi ya sa 777 ya fi gallaza wa kwalta.

Idan lambarka ta ɗan haura fa? A tsohon tsari ICAO ta ba da rangwamen kashi 10 cikin ɗari a kan kwalta da kashi 5 a kan kankare, jefi-jefi, ba kullum ba. Amma rangwamen ba naka ba ne, na hukumar filin ne, kuma a rubuce ake neman sa kafin tafiya. Ba a bayar da shi a hanyar da ta fara tsattsagewa ko wadda ruwa ya jiƙa ƙarƙashinta. Idan Hajji ya faɗo a damina, ka tuna da wannan: saman kwalta yana iya bushewa ƙarƙashinta kuwa ta sha ruwa ta yi laushi.

Bayan nauyi sai faɗi. Jirage an kasa su da haruffa gwargwadon tazarar fikafikai. 737 ɗinka yana rukunin C, ƙasa da mita 36. 747-400 da 777-300ER suna rukunin E, suna dab da mita 65. A daren 22 ga Disamba 2013, wani 747 na British Airways a filin O.R. Tambo na Johannesburg an ba shi taksiwe B. Inda B ta karkata, sai ya miƙe ya shiga M, ƙaramar hanyar da ba ta irinsa ba. Fiffiken dama ya yanki wani gini, ma'aikata huɗu suka ji rauni, jirgin bai sake tashi ba. Masu bincike sun gano cewa wata hanya daban matuƙan suka shirya wa, da aka canza musu ba su tsaya sun sake nazarin taswira ba. Abin yana min ciwo, domin minti ɗaya da birki a ɗaure ya isa.

To, ga yadda nake so ka yi. Kai da mataimakinka ku karanta notam tare, wato sanarwar canje-canje da ake fitar wa matuƙa, ku ja layi a taswira kan hanyoyin da ba za ku shiga ba ko da an ba ku. Idan izini ya zo, ka rubuta, ka maimaita, ka bi shi da yatsa a taswira kafin jirgi ya motsa. A kan hanya mataimaki ya riƙa faɗin kwanar da ke tafe da babbar murya. Allo baƙi mai harafi rawaya yana gaya maka inda kake, rawaya mai baƙin harafi yana nuna inda hanya ta nufa, ja kuwa tsayawa ce sai da izini. Lokacin hunturu, in hazo ya rufe Kano, ka nemi motar rakiya, ba abin kunya ba ne.

Wajen motsawa, ka ƙara wuta kaɗan ka jira. Jirgi mai nauyi yana jinkirin amsawa, kuma iskar injinka tana iya kifar da motar kaya a bayanka. A miƙaƙƙiyar hanya kada ka wuce not 30, kimanin kilomita 55 a awa. Kada ka ɗora ƙafa a birki kana ja, zafi yake tarawa. Ka bari gudun ya taru, ka taka sau ɗaya ka sauko da shi, ka saki. Kwana kuwa not 10 ko ƙasa da haka.

A kwanar ne sabon hannu yake faɗawa. A 777-300ER manyan tayoyi suna bayan tayar gaba da kimanin mita 31. Idan ka bi layin rawaya da tayar gaba sak, na baya za su yanke kwana su sauka gefe, yadda tirela ke hawa kan dakali a shataletale idan direba bai buɗe ba. Ka wuce layin tukuna, sai ka ga kamar ka yi nisa, sannan ka juya. Jirgin yana da kyamarar da ke nuna tayoyi, ka kunna ta. Kwaltar da ke bayan layi biyu rawaya na gefen hanya kafaɗa ce, an shimfiɗa ta don inji kada ya zuƙi tsakuwa, ba don ta ɗauki taya ba. Da ido ba ka bambanta su, launinsu ɗaya.

Da tsakar rana a watan Afrilu kwalta takan yi laushi. Kada ka danne birkin gefe guda ka murɗa jirgi a wuri ɗaya, za ka kwashe fatar hanya ka wahalar da ƙafar jirgin. Juyawa baya a kan titi mai faɗin mita 45 ba ta yiwuwa da 777-300ER, sai a wurin juyawa da aka faɗaɗa a ƙarshen titi.

Idan aka ba ka hanyar da lissafinka bai yarda da ita ba, ka tsaya, ka ce ba za ka iya ba saboda nauyi, ka nemi wata. Idan kuma ka ji jirgi yana neman wuta fiye da yadda ya saba, ko ya karkata gefe guda, kada ka ƙara wuta don ka fizge shi. Ka ɗaure birki, ka sanar da hasumiya, ka kashe injina. Za a sauke fasinja da kaya, wani lokaci har da mai, a shimfiɗa faranta a ƙarƙashin tayoyi a jawo shi a hankali, kuma injiniya zai duba ƙafafun gaba ɗaya kafin ya sa hannu jirgin ya koma aiki.