Yadda Ake Kare Tumatir Daga Cutar Ƙonewar Ganye a Lambun Gida

Mai lambun gida a Tawa, cikin ƙasar Adar a Nijar, yakan fara ganin wannan cuta ne a tsofaffin ganyen da ke kusa da ƙasa. Wani ɗigo mai ruwan ƙasa-ƙasa ne ke fitowa, wanda idan aka ɗaga ganyen aka duba da kyau za a ga zobba a cikinsa, wani cikin wani, gefensa kuma ya yi ɗorawa. Ɗigon yakan yi ta faɗi har ya haɗe da na kusa da shi, ganyen ya bushe ya faɗi, cutar ta yi ta haurawa sama har shuka ta koma tsirara, rana ta ƙona ƴaƴan da suka rasa inuwa. Abin da ke jawo cutar wata fumfuna ce da masana ke kira Alternaria. Tana kwanciya cikin ragowar tsohuwar shuka da aka bari a fangali, wani lokaci kuma a jikin iri, sannan ba ta iya kama ganye sai ya jima a jiƙe. Yawancin dabarun da ke biye a kan abu biyu suka dogara, wato kada a bar ganyen tumatir ya jiƙe, kada kuma ƙasa ta fantsama a kansa.

Saboda haka ban ruwa ne ya fi buƙatar gyara. Da yawa daga cikinmu mun saba ɗaga butar ban ruwa sama da la'asar, mu yi wa tumatir wanka tun daga kai har gindi kamar yadda ake yi wa salati, muna ganin hakan tausayi ne a ƙasa mai zafi irin ta Adar. Ganyen da aka jiƙa dab da magariba a jiƙe yake kwana, musamman a watannin sanyi da raɓa ke sauka a fadama, kuma wannan daren kaɗai ya ishi cutar ta shiga. Abin da ya dace shi ne a ba da ruwa da sassafe, a cire bakin butar mai feshi, a sauke ta ƙasa a zuba a hankali a gindin shuka ko cikin ƙaramin kwari tsakanin layuka. A tsayar da lokaci ɗaya kullum, domin barin ƙasa ta bushe ƙayau sannan a malale ta da ruwa shi ke sa ƴaƴa su tsage ko gindinsu ya yi baƙi, abin da wasu ke ɗauka cuta ce har su kashe kuɗi a banza wajen mai magani.

Bayan dashe ya kama, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko yankakken karan gero mai kaurin yatsu uku a kan fangali. Wannan shimfiɗa tana hana ƙasa tsalle zuwa ganye, tana kuma riƙe danshi, amma kada ta taɓa jikin shukar saboda gara.

Tazara ma tana da muhimmanci, ko da filin gida ya yi kaɗan. A bar santimita 50 tsakanin shuka da shuka, santimita 80 tsakanin layuka, domin iska ta ratsa ta busar da ganye. Gindi 10 masu sarari sun fi 20 da ke cunkushe ba da amfani. A kafa wa kowace shuka sanda a ɗaure ta sako-sako da tsumma, idan kuma ta fara fure a tsinke ganyen ƙasa har tsawon taƙi ɗaya. A yi wannan aiki da hantsi bayan raɓa ta bushe, ganyen da ya kamu kuma a fitar da shi daga lambu a ƙona, kada a jefa shi cikin ramin taki.

Shukar da ta ji yunwa ita ta fi saurin kamuwa, musamman lokacin da ta ɗauki ƴaƴa. Kafin dashe a cuɗa ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu, kilo 2 zuwa 3 a kowace murabba'in mita, wanda ya yi baƙi ya huce; ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Idan za a ƙara takin zamani 15-15-15, ɗan kaɗan ya isa, nesa da gindi. Lokacin shuka shi ma yana ƙara yabanya: a yi renon iri a Oktoba, a dasa bayan mako 3 zuwa 4, domin fure ya zo cikin sanyi, tunda zafin da ya haura digiri 35 yana zubar da furen tumatir.

Idan duk da haka ɗigon ya bayyana, maganin feshi mai sinadarin jan ƙarfe ko mankozeb yana kare ganyen da bai kamu ba, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya ƙone. A tuntuɓi malamin gona, a bi awon da ke jikin kwalin, a kiyaye kwanakin jira kafin tsinka, domin wannan tumatir tukunyar gida zai shiga. Ganyen da ya nannaɗe ya ƙanƙance kuwa wata cuta ce daban da farin ƙuda ke yaɗawa, wannan magani ba ya yi mata komai, sai dai a tuge shukar.

Da an gama tsinka a tuge komai a ƙona. Kada a maida tumatir, barkono, tattasai, yalo ko dankalin Turawa a wannan fangali sai bayan shekara 2 zuwa 3, domin dangi ɗaya ne kuma cutar tana bin su. A sa albasar Galmi, ko kabeji, ko wake a wurin, a kai tumatir ɗaya ɓangaren lambun.