Kurakuran da ke hana ɗaliban aikin jinya barci, da yadda za a gyara su

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin kwanan ɗaliban aikin jinya gab da jarrabawa ya san wannan hali: ƙarfe 3 na dare, tocila a kunne, ana ta haddar sunayen ƙasusuwa da magunguna. Wannan kwanan zaune shi ne kuskuren da ya fi damuna. Ƙwaƙwalwa sai an yi barci take adana abin da aka karanta, in kuka hana ta, da safe ku tarar rabin haddar ta zube. Baligi na buƙatar awa 7 zuwa 9. Gara ku rufe littafi da ƙarfe 10, bayan sallar asuba ku maimaita, lokacin kai a sake yake.

Sai maganar goro, shayi mai kauri, Nescafe da lemon ƙara kuzari. Duk suna ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke hana barci, wanda bayan kamar awa 5 rabinsa na nan a jini. Kofin da aka sha da magariba yana nan yana aiki tsakar dare. Daga la'asar a haƙura da su.

Inda aka fi yin ɓarna kuwa shi ne makon aikin dare a asibiti. Ɗaliba ta miƙa aiki da safe, maimakon ta kwanta sai ta hau wanki, ta shiga kasuwa, ta zo kwanciya rana ta take, ɗaki ya ɗauki zafi. Da kin dawo, 'yar'uwa, ki ci abu mara nauyi, ki watsa ruwa, ki saki labule mai kauri, ki kashe waya, ki roƙi abokan ɗaki su rage surutu. Ranar da za ki fara kuma, ki yi ƙailula bayan azahar kafin ki fita. Ba don jin daɗinki kaɗai ba ne. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da hanzarinsa na raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya. A wannan hali ne ake lissafin ɗigon ruwan da za a ƙara wa jariri.

Waya a gado da cizon sauro, maganinsu sananne ne: a ajiye ta nesa, a ɗaura gidan sauro.

Abin da ya fi haɗari shi ne ɗalibi ya rubuta wa kansa magungunan sa barci don ya fara sanin sunayensu. Piriton yau, diazepam gobe, jiki ya saba, barci ya ƙi zuwa sai da ƙwaya. Idan rashin barcin ya ɗauki makonni, ko ya zo da yawan damuwa da faɗuwar gaba, a je a yanki kati a ga likita kamar kowane majinyaci.