Yadda Likitan Yara Zai Nemi Horo a Ƙasar Waje Ya Dawo da Abin da Zai Amfani Asibitinsa

A kowace shekara likitocin yara daga Najeriya da Nijar da Ghana sukan tafi Afirka ta Kudu ko Kenya ko Ingila domin ƙaro ilimi, wasu su yi makonni shida, wasu shekara biyu. A cikinsu akwai wanda yakan dawo ya buɗe sashen da babu irinsa a duk jiharsa, akwai kuma wanda yakan dawo da takardar shaida da hotuna, ɗakin marasa lafiyar da ya bari kuwa yana nan yadda ya bar shi. A ganina, bambancin waɗannan mutane biyu yana farawa ne tun kafin a je neman biza, domin na farkon ya san abin da ya fita nema da kuma inda zai sauke shi idan ya dawo. Matakan da ke tafe an jera su ne domin likitan da yake son ya zama irin na farkon.

Mataki na farko: ka gano matsalar da za ka fita dominta

Kada ka fara da tambayar ƙasar da za ka je. Ka fara da ɗakin gaggawa na yara da ɗakin jarirai na asibitinku. Ka sami littafi mai kauri ka ajiye shi a teburin ma'aikatan jinya, kuma har tsawon wata uku zuwa shida ka riƙa rubuta duk yaron da ya rasu ko aka tura wani asibiti: shekarunsa, cutar da ta kawo shi, awa nawa ya yi kafin a duba shi, da abin da aka nema aka rasa a lokacin. Idan ka haɗa da watannin damina, za ka ga yadda zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ƙarancin jini suke cika gadaje, har yara uku su raba na'urar oksijin guda ɗaya da tsakar dare, uwayensu na zaune a bakin gado suna riƙe da ledar ƙarin ruwa. Idan kuma lokacin zafi ne, ƙyanda da sanƙarau za su bayyana a littafin.

Bayan wata shida littafin nan zai gaya maka gaskiya. Mai yiwuwa kana sha'awar koyon aikin zuciya, amma ka tarar bakwaini da shawarar jarirai ne suka fi cinye rayuka. Ko ka tarar yara masu sikila suna zuwa da shanyewar ɓarin jiki, ko masu ciwon ƙoda suna mutuwa saboda babu wanda ya iya yi musu wankin ƙoda ta ciki. Alƙaluman da ka tara da hannunka su ne za su zama ƙashin bayan takardar neman gurbinka, kuma masu tantancewa suna gane bambanci tsakanin wanda ya rubuta cewa yana son taimakon yaran Afirka da wanda ya rubuta yara nawa ya rasa a ɗakinsa da dalilin rasuwarsu.

Mataki na biyu: ka kammala abin da ake iya koya a gida

Yawancin shirye-shiryen horo na ƙwarai ba sa karɓar wanda bai yi nisa a horon ƙwarewa ba. A Najeriya wannan yana nufin jarrabawar Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko ta Kwalejin Likitoci ta Yammacin Afirka da aka kafa a 1976. Aƙalla mutum ya haye kashi na ɗaya, wasu wuraren ma sai wanda ya gama kashi na biyu. A Nijar kuwa, takardar ƙwarewa ta DES a fannin yara ita ce tushe.

Kafin ka tafi, ka tabbata ka yi gajerun kwasa-kwasan ceton rai da ake gudanarwa a nan kusa. Akwai ETAT, tsarin tantance yaran da ke cikin haɗari da ba su taimakon gaggawa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina a kan aikin da aka yi a asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre a Malawi. Akwai kuma horon taimaka wa jariri ya yi numfashi a cikin minti ɗaya na farko bayan haihuwa, wanda Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka da abokan aikinta suka ƙaddamar a 2010. Abin takaici ne a kashe kuɗin jirgi a je wata ƙasa domin koyon abin da za a iya koya cikin kwana uku a Kano ko Zariya.

Mataki na uku: ka zaɓi irin horon da ya dace da matsalar

Nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, domin abubuwa iri huɗu ne mabambanta ake kira da suna ɗaya, wato horo.

Na farko shi ne zuwa kallo. Za a ba ka makonni huɗu zuwa takwas kana bin likitoci zagayen marasa lafiya, kana sauraro, amma ba ka da izinin taɓa mara lafiya ko rubuta magani. Wannan shi ne abin da aka fi samu a Amurka ga wanda bai yi jarrabawarsu ba. Gani ya kori ji, kuma yana da amfani ga babban likitan da yake son ya ga yadda ake tsara sashe, sai dai ba ya koya wa hannu komai. Wanda yake son ya iya saka bututun wankin ƙoda ko ya iya duba zuciya da na'ura, kallo ba zai wadatar da shi ba.

Na biyu shi ne horon aiki da hannu, kuma a nan ina ba da shawara a fara duba cikin Afirka. Shirin APFP na Jami'ar Cape Town, wanda aka fara a 2007 a asibitin yara na Red Cross, yana horar da likitocin yara daga sassan nahiyar a fannoni irin su ƙoda da ƙwaƙwalwa da huhu da kula da jarirai, bisa fahimtar cewa asibitin da ya turo mutum yana jiran dawowarsa. A fannin ciwon suga da cututtukan girma, an buɗe cibiyar horo a Nairobi a 2008, daga baya aka buɗe ta Yammacin Afirka a Legas. Tsarin ya haɗa zama a cibiyar da komawa asibitin gida domin yin bincike a kan marasa lafiyar da mutum ya sani. Fa'idar irin wannan horo ita ce cututtukan da za ka gani sun yi kama da naka, tarin fuka da tamowa da jinkirin zuwa asibiti duk suna nan, malaman kuma sun san abin da ake nufi idan aka ce magani ya ƙare. A Ingila, shirin MTI da aka fara a 2009 ya ba likitoci daga ƙasashe masu tasowa damar yin aiki a asibitocin gwamnati har tsawon wata 24 sannan su koma gida, kuma kwalejin likitocin yara ta RCPCH ce ta riƙa kula da ɓangaren yara. Ƙa'idojin shiga irin waɗannan shirye-shirye suna sauyawa, saboda haka a karanta su kai tsaye daga shafin kwalejin a shekarar da za a nema. Likitocin Nijar da Chadi da Kamaru suna da hanyar difilomomin horon ƙwarewa na DFMS da DFMSA ta zuwa asibitocin Faransa.

Na uku shi ne karatun aji, kamar difilomar cututtukan ƙasashe masu zafi ta kimanin wata uku a makarantar wannan fanni da ke Liverpool, wadda aka kafa a 1898, ko ta Landan, ko kuma digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma.

Na huɗu shi ne haɗin gwiwar bincike, wanda sau da yawa malaman ne suke zuwa su same ka. Misali mafi kusa shi ne aikin da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta yi da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad da Asibitin Barau Dikko na Kaduna a kan hana shanyewar jiki ga yara masu sikila. An horar da ma'aikata a nan gida yadda ake auna saurin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na'ura, aka gwada maganin hydroxyurea a kan yara 220, sakamakon da aka wallafa a 2022 kuma ya nuna cewa ƙaramin awo na maganin yana ba da kariya kwatankwacin matsakaicin awo. Idan akwai irin wannan aiki a asibitinku, shiga cikinsa ya fi tafiyar wata ɗaya amfani.

Mataki na huɗu: takardu

Ka ba wa kanka aƙalla shekara guda. Za ka buƙaci fasfo mai sauran kwana da yawa, da lasisin aiki na bana, da takardar shaidar kyakkyawan hali daga hukumar likitocin Najeriya ta MDCN, wadda ba ta daɗewa take tsufa, don haka kada a karɓe ta da wuri. Wanda zai taɓa mara lafiya dole ya yi rajista da hukumar likitocin ƙasar da zai je, wato GMC a Ingila ko HPCSA a Afirka ta Kudu, kuma tantance takardun digiri yakan ci watanni. GMC tana neman maki 7.5 a jarrabawar Turanci ta IELTS ba tare da an gaza 7 a kowane sashe ba, ko matakin B a jarrabawar Turancin ma'aikatan lafiya ta OET. Ka tanadi katin rigakafin shawara mai launin ɗorawa da shaidar rigakafin ciwon hanta, da gwajin tarin fuka idan zamanka a Ingila zai wuce wata shida.

Mataki na biyar: kuɗi da yarjejeniya da asibitinku

Tallafin Chevening da na Commonwealth suna ɗaukar nauyin digiri na biyu a Ingila, kuma Chevening ya shardanta komawa gida na aƙalla shekara biyu. A da, malaman jami'o'in gwamnati a Najeriya sukan nema ta asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, ƙungiyoyin ƙwararru na duniya irin na likitocin ƙoda kuma suna da nasu guraben. Amma abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne zaman da za ka yi da shugaban sashe da shugaban asibiti kafin ka tafi. Ka nemi hutun ƙaro karatu a rubuce, sannan ka nemi a rubuta abin da za a tanadar maka idan ka dawo: ɗakin da za ka riƙa ganin marasa lafiya, ranar da za a ware maka a mako, ma'aikatan jinya nawa za a ba ka, da na'urar da za a saka a kasafin kuɗi. Idan da hali, ka roƙi a tura ma'aikaciyar jinya ɗaya tare da kai ko a bayanka, domin ƙwararren likita shi kaɗai ba ya riƙe ɗakin jarirai. Ita ce take tsaye a kan kwalbar bakwaini da ƙarfe uku na dare. Mai iyali kuma ya zauna da iyalinsa tun da wuri a kan makarantar yara da kuɗin cefane, domin damuwar gida tana hana karatu.

Mataki na shida: yadda za ka zauna a can

A kan duk abin da aka koya maka, ka tambayi kanka ko zai yi aiki a ɗakin da wuta take ɗaukewa kuma babu na'urar taimakon numfashi. Wannan tambaya ta rai da mutuwa ce. Shekaru da dama ana koyar da cewa yaron da zazzaɓi ya galabaitar har jininsa ya kasa zagayawa sosai a ɗura masa ruwa da sauri, kamar yadda ake yi a Turai da Amurka. Da aka gwada hakan a kan yara fiye da 3,000 a Uganda da Kenya da Tanzaniya a binciken FEAST na 2011, sai aka tarar kimanin kashi 10.5 cikin ɗari na waɗanda aka ɗura wa ruwan sun rasu cikin awa 48, alhali kashi 7.3 ne suka rasu a cikin waɗanda ba a ɗura wa ba. Binciken bai haɗa da masu gudawa ba, waɗanda ruwan shi ne maganinsu. A ɗaya gefen kuma, goyon bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata, wanda aka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabe, ya ketara teku ya yi aiki a ko'ina. Binciken 2021 da ya haɗa da Ile-Ife ya nuna cewa fara shi nan take bayan haihuwa yana rage mutuwar ƙananan jarirai da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu.

Ka riƙa rubuta duk aikin da ka yi da hannunka, malaminka ya sa hannu. Ka zauna da masu gyaran na'urori ka koyi abin da yake fara lalacewa da inda ake samun kayan gyara. Kada kuma ka raina abin da ka zo da shi, domin ka ga zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa da tamowa da mashaƙo da rikicin sikila fiye da yawancin malamanka. Ka nemi a ba ka rana ka gabatar da su.

Idan kuma asibitinku ne ya karɓi baƙon likita daga ƙasar waje, a tabbata ya yi rajista da hukumar likitoci, a haɗa shi da wanda zai kula da aikinsa da mai yi masa tafinta, kada ya yi aikin da ba a yarda ya yi a ƙasarsa ba, kada ya ɗauki hoton yaro sai da yardar iyaye. A rubuta a yarjejeniyar cewa likitocinku ma za su je can.

Mataki na bakwai: wata ukun farko bayan dawowa

Kada ka jira na'urar da aka yi maka alkawari. A makon farko ka gabatar wa sashe rahoto, ka zaɓi sauyi guda ɗaya da za a iya farawa da kayan da ke ƙasa, kamar teburin tantance yara a bakin ƙofar ɗakin gaggawa ko gadaje huɗu na goyon ƙirji. Ka rubuta tsarin aikin a shafi ɗaya a manna a bango, ka horar da ma'aikatan jinya da ƙananan likitoci rukuni-rukuni har da masu aikin dare, ka kuma ajiye ranar tattaunawa ta intanet sau ɗaya a wata da malamanka na can domin duba yaran da suka gagara. Sannan ka ɗauko littafin nan mai kauri na matakin farko, ka ja layi a ƙarƙashin shafin da ka tsaya, ka rubuta kwanan watan da ka dawo, ka ci gaba da ƙirga. Bayan wata shida ka kwatanta shafukan sama da layin da na ƙasa da shi, ka kai sakamakon taron shekara-shekara na Ƙungiyar Likitocin Yara ta Najeriya, ka kuma aika kwafi ga shugaban asibitin tare da tunatarwa a kan na'urar.