Idan 'yan sandan Ingila suka ce ka buɗe wayarka

Sana'ata gyaran waya da kwamfuta. Duk wanda zai tafi Ingila karatu ko ziyara ya kawo min wayarsa, nakan gaya masa cewa a can ƙin ba da lambar sirri na iya zama laifi mai zaman kansa, ko da babu komai a wayar.

Ka fara tantance da wace doka aka tambaye ka. Idan ɗan sanda ya ce da baki kawai, "Ba ni lambarka," ka tambaye shi cikin ladabi ko yana da takardar sashe na 49 na dokar RIPA ta 2000 (dokar da ta tsara ikon bincike na hukumomi), wanda ya fara aiki a Oktoban 2007. Umarnin a rubuce yake zuwa, galibi da izinin alƙali. Babu takarda, babu tilas; ka ce sai lauya ya zo. In kuwa akwai, kada ka yi taurin kai: hukuncin ya kai shekara 2, ko 5 idan maganar tsaron ƙasa ce ko hotunan lalata da yara. A 2010 an ɗaure Oliver Drage, ɗan shekara 19, makonni 16 kan haka. Wanda ya manta lambar da gaske yana da mafita, amma wannan magana lauya ne ya kamata ya yi ta, ba kai ba a tsaye gaban teburin ɗan sanda.

Filin jirgi kuwa wani labari ne. Jadawali na 7 na dokar ta'addanci ta 2000 ya ba su damar tsare ka har awa 6 ba tare da zargin komai ba. Muhammad Rabbani na CAGE, ƙungiya mai fafutukar kare waɗanda dokokin yaƙi da ta'addanci suka shafa, ya ƙi ba da lambobinsa a filin jirgin Heathrow na Landan a 2016, aka same shi da laifi a 2017.

Shi ya sa nake ganin aikin a gida ake yin sa. Abin da ba naka ba ne, kamar takardun abokan ciniki ko hotunan da aka ba ka amana, kada ya bi ka. Ka adana shi a gida, ka tafi da waya mai kaya kaɗan. Amma da zarar an tsare ka, kada ka goge ko da saƙo ɗaya, wannan sabon laifi ne.

Dabarar danna maɓallin gefen iPhone sau biyar don kashe buɗewa da fuska ko yatsa ta fi amfani a Amurka, inda kotuna suka rabu kan lambar sirri: kotun ƙolin jihar Pennsylvania ta hana tilasta wa mutum ba da ita a 2019, ta jihar New Jersey kuwa ta yarda a 2020.